Kartar da nake ɓoyewa a Doha ta fito a hannun 'yata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, akwai waɗanda suka san ni a nan, wasu ma sun sha bin bayana salla. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci.

Ni magidanci ne daga arewacin Najeriya, ina zaune a Doha da matata da 'yarmu guda, zan kira ta Hanan duk da ba shi ne sunanta ba. Karatu ne ya kawo ni, da na gama sai suka riƙe ni aiki a ɗakin binciken da na yi karatun. Muna zaune a Al Thumama, a irin manyan gidajen nan da ake rarrabawa iyali uku ko huɗu kowa da ɓangarensa. In Hausawanmu sun taru, mu 'yan Najeriya da 'yan uwanmu na Zangon Ghana, ni ake turawa gaba in ja salla, ni ake kira addu'ar suna. Ba don yabon kai na faɗa ba, don ku gane inda kunyar take ne.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ɗan karta ne, irin wanda duk gari ya sani. Ma'aikacin reluwe ne, in ya tashi aiki ba gida yake yi ba, bayan tasha yake wucewa gindin wata darbejiya inda suke zama. Mahaifiyarmu, muna ce mata Inna, ta sha wahalar abin nan ba kaɗan ba, har keken ɗinkinta a can ya tafi. Babban yayanmu shi ake aika ya kira Baba daga wurin, yara suna yi masa dariya, shi ya sa har gobe ko Ludo ba a bugawa a gidansa. Ni kuwa auta ne, ban riski mafi munin lokacin ba. Abin da na sani shi ne Baba yana ɗora ni a cinyarsa, ya buɗe wani gwangwanin taba ya fito da wata tsohuwar karta da ba ya caca da ita, wai wani Kwara, wato Balarabe mai kanti, ne ya ba shi tun yana saurayi. Bayanta shuɗi ne da hoton jirgin ruwa mai hayaƙi. Da ita ya koya min cakuɗawa, yana zubo ta daga hannu zuwa hannu, in ya gama ya ɗan ƙyasta gefenta da babban yatsa sau biyu. Baba ba mai yawan magana da 'ya'yansa ba ne, wannan zaman ne kaɗai na san nawa ne ni da shi. Ya tuba ya daina tun kafin in shiga jami'a, amma gwangwanin bai yar ba.

A lokacin kullen korona ya rasu. Babu jirgi, babu hanya, a waya na kalli ana fita da shi, wani ƙanin Inna ne ya riƙe min wayar. Bayan 'yan makonni na tambayi Yaya ko ya ga gwangwanin kartar nan a kayan Baba. Ya ce min, "Na ƙone ta tun ranar uku. Me za ka yi da ita?" Na ce ba komai, tambaya ce kawai.

Wallahi a nan abin ya faro. Muna kulle a gida, aiki ta kwamfuta, sai na shiga intanet ina neman ko hoton irin kartar ne in gani. Ban san akwai mutanen da sana'arsu ke nan ba, ashe akwai gidajen gwanjo a Turai da tsofaffin karta da kayan gidan caca na da kawai suke sayarwa, mutane suna tayawa daga ko'ina a duniya, wanda ya fi tayi kafin lokaci ya cika shi ke ɗauka. Na daɗe ina dubawa, rannan sai ga ta, shuɗin baya, jirgin ruwa, hayaƙin ma ya karkata gefen da na sani. Na taya, wani ya ƙara, na ƙara, har ta zama tawa. Ranar da ta iso na shiga banɗaki na kulle na buɗe, ƙamshin tsohuwar takarda ya buge ni, na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza.

Da a nan na tsaya da ban rubuto muku ba. Amma na ci gaba. Na sayi wata mai zanen sarakuna da aka yi wa launi da hannu, na sayi wata 'yar ƙarama da sojoji suke sawa a aljihu, sai na koma kan ƙwandalolin da ake amfani da su a gidajen caca maimakon kuɗi, na ƙashi da na laka, da 'ya'yan ludo na zamanin da, har da wani akwatin katako da ake raba karta daga cikinsa. Na karanci tarihinsu, ina iya gane shekarun karta daga hatimin da ke jikinta. Ina gaya wa kaina ai tarihi ne, ai ni ban taɓa zama na buga da kowa ba, kuma gaskiya ne, ko sau ɗaya ban taɓa caca ba. Amma ni na san abin da nake ji in gwanjo ya kusa rufewa, yadda zuciyata take bugawa, tafin hannuna ya jiƙe, ina cewa wannan ne tayin ƙarshe sai in sake dannawa. Akwai ranar da na sauka a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib zan canja layi, aka kira la'asar, masallaci ga shi nan kusa, na tsaya jikin bango da waya a hannu har aka idar, saboda wani mutum a wata ƙasa da ban san ko sunansa ba yana ƙara min a kan tayi. Da na ɗago na ga mutane suna fitowa suna sa takalma, sai fuskar Baba a gindin darbejiya ta faɗo min.

Matata ba ta sani ba. Adireshin wurin aiki nake bayarwa, in kaya sun zo in sa a jakar kwamfuta in kai gida, akwai wani kwali a saman wadirob da na ce mata takardun bincikena ne kada a taɓa. Kullum ina cikin fargabar kada kwastan su buɗe wani ƙunshi su kira ni, don kun san ƙasar nan ba a wasa da maganar caca, kuma aikina da zamana duk a hannun masu gidana suke. Abin da ya fi komai ci min rai shi ne Hanan. In mamanta ta fita sayayya ko ta tafi karatun mata, nakan sauke kwalin, ita kuma tana gefe tana kallo. Tun tana kallo har ta ce in koya mata, na ɗora ta a cinya na koya mata da shuɗiyar nan. Na ce mata sirrinmu ne ni da ita, kada ta gaya wa Mama. Yarinya 'yar shekara bakwai na koya wa ɓoye wa uwarta abu.

Sai gasar cin kofin duniya ta zo. Yaya mutum ne mai son ƙwallo, ya ce ko da Najeriya ba ta samu zuwa ba shi zai zo ya mara wa 'yan Afirka baya, tunda ga filin wasa a bayan gidan ƙaninsa. Muka ba shi falo. An yi hidima sosai, gari ya cika, ko'ina tutoci da ganguna, Yaya har ya koyi kalmomin Larabci irin su yalla da kalas yana ta zolayar Hanan da su. Ni kuma saboda baƙo na sauke kwalin daga saman wadirob don a sa akwatinsa, na tura ƙarƙashin gado.

Wata ranar Asabar da rana, mun gama cin abinci muna falo ni da Yaya da matata, ana jiran lokacin wasa, sai ga Hanan ta fito daga ɗaki tana cewa, "Baffa, in nuna maka abin da na iya?" Kafin in juya ta durƙusa a gabansa da shuɗiyar kartar nan a hannu, rigarta cike da ƙwandaloli suna zubowa a kafet. Hannunta ƙarami ne, da ta zo zubowa rabi suka watse, ta tattara abin da ta iya, ta daidaita, sannan ta ƙyasta gefen da babban yatsa sau biyu. Na ga fuskar Yaya ta canja. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya ya juya bayanta ya daɗe yana kallo. Ya tambaye ta wa ya koya mata, ta ce Abba, sai kuma ta rufe baki da hannu ta kalli mamanta ta ce, "Na manta, sirri ne."

Matata ce ta fara magana, ta ce wa Yaya ai ta san da su, kayan tarihi ne nake tarawa kamar masu tara kan sarkin wasiƙa, ta kama hannun Hanan suka shige ɗaki. Ƙarya ta yi don ta rufa min asiri, alhali a lokacin take ganinsu karon farko. Yaya bai je kallon wasan ranar ba. Ya sa na fito da kwalin gaba ɗaya na zazzage a gabansa, ya yi min faɗan da tun ina yaro bai yi min irinsa ba, ya tuna min ranar da aka zo ɗaukar keken Inna, ya ce shi ya riƙe wa masu ɗauka ƙofa. Na yi ta rantsuwa ban taɓa caca ba, ya ce ya yarda, amma in gaya masa me ya bambanta ni da Baba in ina ɓoye wa matata, in kuma ga shi har ya kai hannun jika. Ya ce in ƙone su duka, in ban yi ba zai gaya wa Inna da bakinsa.

Ranar da zai koma na kai shi filin jirgin Hamad. Sai da muka isa na tsaya zan sauke masa akwati ya ce, yana kallon gaba, "Da gaske irin ta Baba ce sak." Na ce eh. Ya ce, "Ranar da na ƙone ta sai da na koma bayan gida na yi kuka, ban taɓa gaya wa kowa ba." Na ɗauka ya sauko ke nan. Amma da ya ɗauki akwatinsa ya ce maganarsa tana nan.

Ban ƙone ba. Na fito da kwalin ya fi a ƙirga in mayar. Matata ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Abin da ta ce kawai, ba kartar ce ta dame ta ba, yadda na sa 'yarta ta dinga kallon idonta tana ɓoye mata abu ne. Tun daga nan gaisuwa da abinci ne tsakaninmu, Hanan kuma ta zama shiru-shiru, tana ganin ita ta jawo.

Shekaranjiya Inna ta kira ni. Tana da hawan jini, muryarta a sanyaye, ba ta ɗaga ba. Bayan mun gaisa ta ce, "Auta, abu ɗaya zan tambaye ka. Akwai karta a gidan da jikata take kwana?" Jama'a, ni da ake turawa gaba a salla, ce mata na yi, "Inna ba na jin ki, layin yana yankewa," na kashe wayar. Matata tana tsaye a ƙofar kicin tana ji. Ta ce ta yi ƙarya sau ɗaya a gaban Yaya saboda ni, ba za ta ƙara ba, in Inna ta kira ta gaskiya za ta faɗa mata.

To ga inda nake. In ƙone su duka kamar yadda Yaya ya ce? Ko in mayar da su gwanjo, in haka ne abin da aka samu ya halatta in ci ko in bayar? Shuɗiyar nan guda ɗaya fa, laifi ne in na riƙe ta, ko riƙe ta ne zai sake mayar da ni? Malamai na cikin zauren nan ku taimaka min, masu iyali kuma ku gaya min ta ina zan fara gyara tsakanina da matata da 'yata. Kuma tunda na ce zan faɗi gaskiya bari in ƙarasa, yanzu haka da nake rubutun nan akwai wani gwanjo da zai rufe ranar Juma'a, tayina yana ciki, kuma tun da na fara rubutu na leƙa shi.

Inna ta sake kira yau da safe ban ɗauka ba. Don Allah, in na kira ta me zan ce mata?