Ta Ce Ƙas, Amma Ba Ta Riƙe Ba

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Sashen Karɓar Ƙorafe-ƙorafe,
Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki.

Daga:
Mai shagon wuƙaƙe da washi, wanda aka fi sani da Malam Ƙas,
Shago na uku daga ƙofa, Layin Masu Makullai, Kasuwar Kayan Aiki.
Ta hannun 'yarsa ta fari.

Kwanan wata: 9 ga Yuni, 2025.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: LALACEWAR WUƘAR ALJIHU MAI TAMBARIN ƘAHO BAYAN HAƊEWAR KAMFANONI BIYU, DA RAUNIN DA TA JAWO

Bayan gaisuwa ta girmamawa, da fatan wannan takarda za ta sami Mai Girma cikin ƙoshin lafiya, ana neman izinin gabatar da ƙorafin da ke ƙasa a madadin mahaifina, wanda daga nan za a riƙa kiransa mai ƙorafi. Ni na riƙe alƙalami, amma maganar tasa ce. Sai da aka yi da gaske kafin ya yarda a rubuta, domin cewa yake wanda ya miƙa wuƙar da hannunsa ba shi da bakin kai ƙarar kowa. Da ƙyar ya amince, bisa sharaɗin a sa nasa laifin a ciki, kada a rage ko ɗigo. An sa, Mai Girma zai same shi a lamba ta uku.

1. Mai ƙorafi ya haura shekara talatin yana sayar da wuƙaƙe, yana kuma wasa su. A duk kayan shagonsa babu abin da yake tinƙaho da shi kamar wuƙar aljihun nan mai baki da yawa, mai tambarin ƙaho, wadda ake ninkewa a jefa aljihu. A cikinta akwai wuƙa, filaya, sukudireba, ɗan almakashi, ɗan zarto da magagari. Akwai kuma wata 'yar sakata, wadda idan an buɗe wuƙar take faɗawa ta riƙe ta, don kada ta ninke a kan yatsun mai aiki. Faɗawar sakatar tana da ƙara: ƙas. Mai ƙorafi ba ya miƙa wa kowa wuƙa sai ya kai ta saitin kunnensa ya buɗe. In ta ce ƙas, sai ya ce wa mai saye ya tafi abinsa, in ta ci amanarsa ya dawo ya kama shi, ba kamfani ba. Daga nan sunan ya samo asali. Maƙwabtansa masu makullai da shi suke tsokanarsa, har mahaifiyarmu ma, ranar da ranta ya yi fari, haka take kiransa.

2. A watan Agustan bara kamfanin mai ƙaho ya haɗe da kamfanin mai tambarin kifi. Kowa a layin ya san mai kifi, wuƙa ce ta a saya yau a jefar gobe, mai ƙorafi bai taɓa yarda ta kwana a shagonsa ba. Ranar 3 ga Satumba wakilin sabon kamfanin ya zo da fara'arsa da kalandarsa, ya ba da tabbacin cewa babu abin da ya canja sai adireshi. A ido kuwa gaskiya ya faɗa: tambarin yana nan, kwalin yana nan, jar ƙotar tana nan. Ashe ƙaho ne a waje, kifi a ciki. Abin da ya bayyana daga baya shi ne, wuƙar ba ta riƙe kaifi, yanka uku ta dakushe. Bakin sukudireba yana murɗewa idan ya haɗu da ƙusa mai taurin kai. Haƙoran filaya ba sa haɗuwa daidai. Duk waɗannan da sauƙi, asarar aiki ce kawai. Babban abin shi ne sakata. Ta da ƙarfe ne mai kauri da ke shiga gurbinsa ya zauna daram. Ta yanzu siririya ce, gajera, bakin gurbin kawai take taɓawa. Amma ƙarar tana nan yadda take, ko kaɗan ba ta ragu ba. Mai ƙorafi ba ya cewa da gangan aka bar ƙara aka cire riƙo, domin bai shiga zuciyar kowa ba. Abin da ya gani da ya kwance su biyun a kan teburinsa kawai yake faɗa.

3. Ga abin da mai ƙorafi ya nace a rubuta a kansa. Gwajin da ya koya a wurin maigidansa tun yana saurayi hawa biyu ne. Na farko a saurara da kunne. Na biyu a kifa wuƙar, a danna bayanta da ƙarfi a gefen tebur, a ga ko za ta ninke. Shekara da shekaru yana yin duka biyun, mai ƙaho ba ta taɓa ba shi kunya ba. Sannu a hankali sai ya bar na biyun, ya tsaya a kan kunne. Kuma, in ji shi, kunnen ya fi burge mai saye, shi ma yana jin daɗin sunan. Da kayan farko na bayan haɗewar suka iso, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya a kunnensa, duk suka ce ƙas, ya jera su a kantar shago. Gefen teburin yana nan kusa da gwiwarsa, bai danna ko ɗaya ba. Ya ce a gaya wa Mai Girma ƙarara cewa ba rashin sani ba ne, sakaci ne da son a yaba. Na rubuta yadda ya ce, ko da yake hannuna bai so ba.

4. Mijina ma'aikacin wutar lantarki ne. Mai ƙorafi Injiniya yake ce masa, rabi wasa rabi girmamawa, sunan kuma ya bi shi. Yana da tsohuwar mai ƙaho da ya saya a shagon tun kafin aurenmu. Ita ce ma silar auren, domin a lokacin nan nakan taya mahaifina zaman shago, shi kuwa Injiniya duk mako sai ya kawo washin wuƙar da ba ta dakushe ba, har mai ƙorafi ya tambaye shi ko dutse yake yankawa da ita. Ranar 11 ga Janairun bana ya kawo ta washi na gaske. Mai ƙorafi ya juya ta, ya ga ƙotar ta koɗe, ruwan wuƙar ya sirance saboda yawan washi. Sai ya ce bai kamata surukin mai wuƙaƙe ya riƙa yawo da wannan tsohuwa ba, mutane sai su yi da shi. Ya ɗauko sabuwa fil a kwalinta, ya buɗe ta a kunne, ya ba shi kyauta. Tsohuwar kuma ya jefa ta a aljihun tebur, wai zai ajiye wa jikansa.

Ba a yi nisa ba Injiniya ya ji sabuwar tana ɗan motsi a hannunsa. Ya sani sarai, mutum ne da ya san kayan aikinsa. To amma da wane ido zai koma ya ce wa uban matarsa kyautarsa ba ta da kyau, a cikin kasuwa, gaban masu makullai? Sai ya ci gaba da aiki da ita, ya ce a ransa zai riƙa kula.

Ranar 17 ga Afrilu yana kan tsani a wani gida da ake ginawa, yana huda akwatin roba da tsinin wuƙar don ya zura waya. Ya danna, sakata ta saki, wuƙar ta ninke a kan yatsunsa biyu na hannun dama, manuniya da na tsakiya. Jijiya ta tsinke. An yi masa aiki a asibiti, takardar likita tana haɗe da wannan. Na tsakiyan ya fara motsi, alhamdu lillahi. Manuniyar kuwa likita ya ce kada a sa rai sosai za ta sake lanƙwasawa, ita ce kuma wadda ake murɗa waya da ita. Wallahi, Ranka ya daɗe, ban taɓa ganin mahaifina ya tsufa a yini ɗaya ba sai ranar. Yana tsaye a barandar asibiti, abokin aikin Injiniya ya miƙo masa wuƙar a naɗe cikin tsumma. Hannunsa da ya saba sai ya kai ta kunne ya buɗe. Ta ce ƙas. Ya zauna a ƙasa a wurin, sai da ƙannena suka ɗaga shi.

5. Ranar 22 ga Afrilu mai ƙorafi ya je ofishin wakilin kamfanin. Aka ce garantin tsohon kamfani ne, tsohon kamfani kuma babu shi. Ya nuna musu tambarin tsohon kamfanin a jikin sabuwar wuƙar, sai aka ce tambari daban, garanti daban. Ranar 6 ga Mayu ya koma, wani ma'aikaci ya ce masa wuƙa ai dama yanka take yi, abokan aikinsa suka yi dariya. Ranar 20 ga Mayu aka ba shi wata sabuwar a madadin waccan, da wata kalandar. Ya danna bayanta a gefen teburinsu, a gabansu, ta ninke nan take. Aka ce ya danna da ƙarfi ne. Har yau ana sauke kayan a kasuwa, shaguna biyu a layinmu suna sayarwa.

6. Tun daga ranar asibiti mai ƙorafi bai sake buɗe shago don ciniki ba. Da safe yakan fita da jaka, yana bin gareji-gareji da wuraren gine-gine, yana neman waɗanda ya sayar wa. In ya samu mutum sai ya roƙe shi ya dawo da ita, ya ba shi wata wuƙar ta daban. Wasu sun bayar, wasu sun ce tasu lafiya lau take tunda tana cewa ƙas, ai shi ya koya musu haka. Wannan maganar ta fi komai yi masa ciwo. Fiye da rabi kuma baƙi ne masu wucewa, direbobi da matafiya, bai san inda zai same su ba. Duk yaron da ya gani da bandeji a hannu sai ya tsayar da shi ya tambaya.

A gida kuwa abin ya zama rigimar laifi, kamar masu rabon gado, kowa na cewa nasa ne. Mai ƙorafi bai sake taka gidanmu ba. Yakan zo bakin layi ya tsaya, ya aiko a tambayi jikin Injiniya, ya juya. Shi kuma Injiniya cewa yake shi ya jawo wa Baba, da ya buɗe baki tun a Janairu da tsohon nan yana shagonsa yanzu, don haka shi ma kunya ta hana shi zuwa gaishe shi. Mutum biyu da a da ba sa gajiya da tsokanar juna, yanzu in ɗaya ya hango ɗaya sai ya canja hanya. Mahaifiyarmu ta yi faɗa ta yi lallashi, ta ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai ƙorafi ya ce haka ne, amma tsautsayin ta kantarsa ya bi. Ɗana yana ta tambaya me ya sa Kaka ya daina zuwa. Kamfanin da ya sauya sakatar kuwa ko a jikinsa.

Saboda abubuwan da aka zayyana a sama, mai ƙorafi yana roƙon Mai Girma cikin ladabi:

Na ɗaya, hukuma ta gwada sakatar wannan wuƙa, ta kwatanta ta da ta da.

Na biyu, in an same ta yadda aka bayyana, a dakatar da sayar da ita, a kuma sanar ta rediyo don waɗanda ƙafar tsoho ba za ta kai gare su ba su ji. Ya ce in ana so a ambaci sunansa a sanarwar, a ce shi ya sayar, ya yarda.

Na uku, a hana kamfanin amfani da tambarin ƙaho a kan kayan da ba su kai ƙaho ba.

Na huɗu nawa ne, bai san na ƙara shi ba sai da na karanta masa, bai kuma ce a cire ba. Ina roƙon a ba mu sakamakon gwajin a rubuce, da hatimin hukuma, a faɗi ƙarara inda ɓarnar ta faro. Maganata ba ta shiga kunnensu, ni 'ya ce ga ɗaya, mata ga ɗaya, kowa na ganin lallashinsa nake yi. Wataƙila in hukuma ta ɗora wa kamfani nasa kason, abin da ya rage zai yi sauƙin da mutum biyu za su iya ɗauka, su zauna a tabarma ɗaya.

An haɗa wuƙaƙen biyu da wannan takarda, kowace a kwalinta. Mai koɗaɗɗiyar ƙota ita ce tsohuwar, muna roƙon a dawo mana da ita in an gama, ta jikansa ce. Ɗayar ba ma buƙatarta.

Mai ƙorafi yana neman afuwa saboda tsawon bayani, yana godiya da lokacin Mai Girma, Allah ya ƙara girma da lafiya. Da na zo rufe ambulan ya riƙe hannuna, ya ce in ƙara layi ɗaya domin ma'aikacin da zai fara buɗe sabuwar: ya janye yatsunsa daga hanyarta. Za ta ce masa ƙas. Kada ya yarda da ita.

Naku cikin biyayya da girmamawa,

(sa hannu)
Malam Ƙas, mai ƙorafi.

(sa hannu)
'Yarsa ta fari, matar Injiniya, wadda ta rubuta.