Haƙorin Enara

Ni, Meliton Gorostidi, maƙerin bindiga a garin Eibar, na rubuta wannan da hannuna a shekarar 1958. Ƙirjina ya gama lalacewa, likita ma ya daina yi mini ƙarya, amma hankalina garau yake. Na damƙa takardar a hannun Fada, limamin cocinmu, ya ba ku bayan an binne ni. Zuwa gare ku 'ya'yana, Inazio da Edurne da Bixente.

Na ɗaya. Kafin a ci gaba da karatu, Edurne ta ajiye jakarta ta aikin ungozoma a kan tebur, a hankali, kada kowa ya buɗe ta. Ku yi haƙuri, dalilin yana tafe.

Na biyu. Gidan na Bixente ne, tunda shi ya zauna ya sha tarina da masifata. Maƙerar ta Inazio ce. Ci gaba da sassan keken ɗinkin nan naka, ko da na sha yi maka gori a kansu. Keken ɗinki bai taɓa kashe kowa ba.

Kun taso kuna jin labarin Enara, 'yar bindigar da muka sa wa sunan tsattsewa a yarenmu saboda ƙanƙantarta. Tana shiga tafin hannu, harsashi shida take ci, kowanne bai fi ƙwayar wake ba, kuma ita ke ɗora wa kanta na gaba. Shekara uku kacal muka yi muna ƙera ta, ni da kawunku Kosme, ƙanen mahaifiyarku. A gida kullum ana gaya muku cewa gangancin Kosme ne ya kashe ta, ya jefa mu cikin talauci. Ni na shuka wannan magana, kuma ƙarya ce.

A cikin bindigar akwai wani ɗan ƙarfe da muke kira haƙori. Shi ke riƙe harbi har sai an ja kunama. Kosme ke goge shi da magagari, ya buga masa tambarinsa, sannan ya miƙo mini in gasa. Gashin nan da ido ake yinsa. Idan ƙarfen ya yi ruwan zuma sai a janye, idan aka bari ya kai shuɗi to ya yi laushi, kowane harbi zai riƙa cinsa kaɗan kaɗan. A shekara ta biyu tartsatsi ya shiga idona, daga nan launuka suka fara cakuɗe mini. Ban gaya wa kowa ba. A garin nan maƙerin da ido ya gaza sai shara, ni kuwa ina da girman kai da yara uku. Haka na gasa haƙora ɗari biyu da talatin da ka, daga lamba 611 zuwa 840. Duk sun wuce gwaji, domin cutar ba ta nunawa sai bindiga ta sha harbi.

Wani malamin makaranta a Elgoibar ya sunkuya zai ɗaure takalmi, Enarar tasa ta tashi a aljihu, ta tsinke masa jijiyar cinya. Kafin likita ya iso ya cika. Manyan maƙera suka kwance bindigar a gaban jama'a, ga haƙori ya cinye, ga tambarin Kosme a jikinsa. Da aka juyo kaina sai na ce wutata ba ta taɓa kuskure ba. Kosme bai ɗaga murya ba, ya ce, "Suruki, kalli idona ka maimaita." Na kalle shi na maimaita, abin bai ma yi mini wuya ba, tunda da ƙyar nake ganinsa.

Babu wanda ya sake ba shi aiki. Ya tafi ramukan tama na wajen Bilbao, ƙura ta cinye masa huhu cikin shekara shida. Mahaifiyarku ta ƙi zuwa jana'izarsa saboda ta yarda da ni, kuma da wannan yardar ta mutu.

Na uku. Lambun tuffa da ke kan tudu na Felisa ne, 'yar Kosme. Haka ma magagaran ubanta goma sha huɗu da ke cikin akwatin ƙarƙashin teburin aikina. Ku ukun za ku kai mata da ƙafarku, ku karanta mata wannan takarda daga farko har ƙarshe. Inazio, kai ka fasa wa mijinta baki a filin ƙwallon hannu, kana kiransa surukin mai kisa. Kai za ka fara magana. Ba na zaton za ta karɓi lambun, in da ni ne ma ba zan karɓa ba. Idan ta rufe muku ƙofa ku koma ranar Lahadi ta gaba.

Na huɗu. Bayan an yi wannan, a sanar da tsofaffin maƙeran da suka rage cewa aikin Kosme ba shi da aibi. Yawancin waɗanda suka tofa masa yawu suna maƙabarta, na sani. A gaya wa biyun ko ukun da ke raye.

Na biyar. Shekara talatin ina bin waɗannan bindigogi a ɓoye. Hamsin da takwas na samu, na farfasa su da guduma. Sauran sun bi jiragen ruwa zuwa Amurka ta Kudu, wasu yaƙi ya watsa su. Suna nan kwance a cikin akwatunan mutane da ƙarƙashin matasai, ba kuwa za ku same su ba, kada ku ƙarar da rayuwarku kamar yadda na ƙarar da tawa. Amma duk wadda ta faɗo hannunku, ku duba lambarta.

Saura guda ɗaya da na san inda take. Lokacin yaƙi, ranar da jirage suka ƙona garin nan, mahaifiyarku ta zaro wata daga akwatinta ta cusa wa Edurne a hannu. Sai bayan wata biyu na ga lambar, 702. Edurne, sau uku ina roƙonki ita. Na ce zan shafa mata mai, na ce hukuma za ta kama ki, na ce zan musanya miki da sabuwa. A na ukun kika yi dariya kika ce, "Baba, kai dai kishi kake don ta fi kekunanku kyau. Ita kaɗai ta rage mini daga Inna, ba inda za ta." Kalma ɗaya ta gaskiya da ta isa ki miƙo ta. Na kasa, domin idan na faɗa sai na faɗi sauran. Shekara ashirin da ɗaya kina hawa tudu da ita zuwa gidajen masu naƙuda, da harsashi a bakinta, kina harbin gwangwani idan nishaɗi ya zo miki, ni kuma ina zaune ina lissafin abin da ya rage na haƙorin. Jiya ma da kika zo duba ni kin jefa jakar a kan gadona. Takardar nan tana ƙarƙashin matashina rabinta a rubuce, amma sai na tambaye ki lafiyar yara.

Inazio ne zai fitar da ita. Ya juya bakinta cikin bokitin yashi, ya zare gidan harsashi tukuna, sannan ya ja bayanta, harsashin da ke bakinta ya faɗo. Daga nan sai guduma.

Ban roƙi gafararku ba, ban ga ta inda zan fara ba. Abin da nake roƙo shi ne kada ku watse saboda ni. Ku ci abinci tare ranar Lahadi kamar da, ku ajiye kujera ɗaya ko da Felisa ba ta taɓa zama a kai ba. Allah ya yi muku albarka, ya raya 'ya'yanku, ya ba su sana'ar da ba a binne kowa saboda ita. Allah ya jiƙan Kosme da malamin Elgoibar.

Ban san kwana nawa ya rage mini ba, ban kuma san harbi nawa ya rage wa haƙorin ba. Ina fatan ku uku ne ke sauraron wannan takarda.

Mahaifinku,
Meliton Gorostidi