Takalmin Abba Ya Ƙi Shiga

Zuwa ga mahaifiyata, marigayiya Hajiya Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya ƙara haskaka makwancinki, ina sanar da ke cewa mun sauka Guangzhou ta ƙasar China yau da hantsi, ni da Abba da 'yan ƙungiyarsu ta masu tattaki, mu goma sha ɗaya. Yanzu la'asar ta wuce, ina ɗakin masauki a unguwar Xiaobei. Hadari ya haɗu tun azahar, gari ya yi duhu, amma ruwan ya ƙi sauka. Hankalina ba a kwance yake ba, Umma, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Ba ki san ƙungiyar nan ba. Bayan rasuwarki Abba ya kusa shekara bai wuce masallacin layinmu ba, sai da amininsa Alhaji Sabo mai jakunkuna ya ja shi hawan Dala wata Asabar. Abban da kike yi wa tsiya don ko burodi sai ya hau mota zai sayo, yanzu shi ke buga wa mutane waya da asuba su fito. A nan ya sake koyon dariya. Alhaji Sabo ne ya shirya tafiyar nan, da yake ya daɗe yana zuwa sarin kaya garin Shiling da ke nan kusa. Kwana huɗu za a yi a ƙafa cikin duwatsun arewacin lardin, mota za ta ɗauke mu gobe bayan asuba. Ni an taho da ni ne don Turanci da ɗaukar hoto.

Tun a jirgi na lura. Kowa ya kwantar da kujerarsa ya yi barci, shi yana zaune a miƙe har muka sauka. Da na tambaya ya ce fim yake kallo. Ke kuwa kin san Abba bai damu da fim ba.

Da muka fito daga jirgin ƙasa a Xiaobei akwai wata gadar masu ƙafa da za mu haura. A tsakiyar matakala ya tsaya, ya dafa ƙarfe, wai yana mamakin yawan shagunan masu aika kaya. Ya daɗe yana mamakin nan. Ina bayansa, ina jin numfashinsa duk da hayaniyar motoci.

Da zai yi alwalar azahar ya cire safa a gabana. Ƙafafunsa sun kumbura, Umma, bakin safar ya bar masa zobe mai zurfi a ƙwauri. Takalmin hawan dutsen da ya gwada a Kano sati uku da suka wuce, har yana zagaye tsakar gida da shi yana cewa in ɗauke shi hoto, yau ya ƙi shiga. Ya ce zaman jirgi ne. Muka sauka shagon da ke ƙasan masaukin neman wanda ya fi girma, mai shagon ya kalli ƙafar, ya girgiza kai ya ce “meyo”, wato babu. Abba ya yi dariya ya ce zai sassauta igiya.

Bayan cin abinci jagorar tafiyar ta tara mu. Lin sunanta, wata 'yar China mai ƙaramin jiki da ba ta wasa da aikinta. Ta yi bayani cewa rana ta biyu da ta uku babu hanyar mota, waya ma ba ta kamawa a wurare da yawa. Wanda ya faɗi, a kafaɗa za a sauko da shi, tafiyar kusan wuni guda. Sai ta riƙa kiran mu ɗaya bayan ɗaya tana tambaya: ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, maganin da mutum yake sha. Kowane Bakano ya ce lafiya lau, alhamdulillahi. Baiwar Allah ta yi ta murna da samun ayari mai ƙoshin lafiya. Ba ta san ko a gadon asibiti ta same mu amsar da za ta ji ke nan ba.

Da aka zo kan Abba, ni ce tafinta. Ta tambaya, na juya masa da Hausa. Ya ce, “Gaya mata ƙalau nake.” Abokansa na zaune, Alhaji Sabo na tsokanarsa wai shi ne matashin ayari. Ta ina zan ƙaryata mahaifina a gaban mutane? Na faɗa mata ƙalau yake. Ta ja layi a takarda, ya sa hannu, ni ma na sa a gefe.

Na bi shi ɗakinsa daga baya. Na tarar ya jera filo uku a kan gado don ya yi barci a jingine, ga ƙwayoyin magani a cikin gidan tabarau. Bai ɓoye ba. Ya ce wata biyu ke nan likita ya gaya masa zuciyarsa ta yi rauni, ya hana shi hawa ko da bene ne da sauri. Ya kira ni da sunan da yake kira na in yana son ya karya mini gwiwa.

“Uwata, ba ki ga komai ba. In aka mayar da ni gida na koma zaman kujerar nan, to kin binne ni da raina.”

Na fito na ja masa ƙofa.

Umma, kin san abin da maganar nan ta tuna mini. Haka kika kama hannuna a kicin ranar da na ga jini a tsumman da kike tari. Kika ce, “Kar ki tayar wa babanku da hankali.” Na ji maganarki. Wata bakwai ina raka ki kemis a ɓoye, ina ce masa mura ce. Ranar da ya sani, likita ya ce mun makara. Har yau Abba bai san na riga shi sani ba, kuma ban taɓa kwana ban tuna ba.

Ina jin tsoro. In na yi magana, Lin za ta cire sunansa a gaban abokansa, kuma wataƙila ya daɗe bai dube ni ba. Wataƙila ya koma kujerar ya ƙi tashi, kamar yadda ya faɗa. In na yi shiru, jibi war haka muna inda mota ba ta zuwa.

Ɗakin Lin yana hawa na biyu. Na riga na sa mayafina. Ina gama rubutun nan zan sauka, kafin a kira magariba, kafin zuciyata ta sake ba ni wata shawarar.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya yafe mini shirun da na yi. Allah Ya ba Abba lafiya, Ya sanyaya zuciyarsa a kaina ko da bayan shekaru ne. Ki yi haƙuri, Ummana, yau zan yi wa mijinki rashin kunya. Ke na yi miki biyayya, na rasa ki. Shi gara ya yi fushi da ni yana raye.

'Yarki mai kewarki kullum,
Binta