Gwalon Hayatu

Pitowa, ranar Lahadi

Zuwa ga Hamma, maigidana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ya Ngaundare, ya lodin shanu a jirgin ƙasa? Mu dai sai godiya. An sallamo mu daga asibitin Garwa, muna gidan mahaifiyata, Dada, kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Bakwainin naka ya fito daga kwalba, yana kama nono, amma shiru yake kamar ba mutum a ɗaki. Ko kukan kirki ba ya yi.

Kafin mu taho, Madam Odil, mai kula da ɗakin jarirai, ta zaunar da ni. Ta ce irinsu sai an taso su, in ba haka ba a baya ake barin su. In kwantar da shi a ƙirjina fata da fata, in kawo fuskata kusa da tasa, in kira sunansa, in yi masa waƙa, in zaro harshe in jira. In ya kau da kai ya gaji, in ƙyale shi.

To jiya mahaifiyarka, Goggo, da ta zo taya mu zaman jego, ta ɗaga labule ta same ni ina yi masa gwalo. Hamma, da ka ji salati! Ta tara matan gida tana cewa, “Ku zo ku ga inda kunya ta mutu! Ɗan fari take lasa kamar saniya. Har sunan surukinta take kira gatsal, ko kunyar kabarinsa babu!” Dada ta sunkuyar da kai, ta kasa cin tuwonta.

Na san ɗan fari ba a kallonsa a gaban mutane, ba yau aka haife ni ba. Amma ku kuka sa masa sunan Bappa, marigayi mahaifinka, kuka ƙi ba shi laƙabi, wai sai an ga ko zai zauna. Da me zan kira shi? “Wannan”? Ka yi wa Goggo magana, raina a ɓace yake.

Ka gaida abokan aikinka.
Taka, Astajam

Pitowa, ranar Alhamis

Hamma,

Ina gaisuwa, ina fatan jikinka lafiya. Saƙonka ya iso ta bakin direban motar shanu, a tsakar gida, kowa yana ji: wai in daina ba ka kunya a dangi.

Kunya! Ranar da aka sa shi a kwalba da roba a hancinsa, ina kunyar take? Ta zo ta ɗumama shi? Ta taya ni tatsar nono a kofi ina kuka? Wanda bai sha zafin rana ba shi ke cewa inuwa ta yi sanyi.

Yanzu Goggo ta kafa tabarma a ƙofar ɗakina, tana kaɗa nono tana gadina. Ta ce in shayar da shi in ajiye, in juya baya, haka aka rene ka kuma ga ka nan ƙato. Na ce, “Goggo, shi ɗanki ai cikakke ya zo.” Ta ce, “Ji bakin 'yar boko. Allah ke raya yaro, ba surutu ba.” Na ce to ita ta yi masa wasan mana, ai jikanta ne, al'ada ta ba ta. Sai ta ci gaba da kaɗa nononta. Daga baya Dada ta faɗa mini Goggo ta binne bakwaini biyu kafin ta same ka, shi ya sa ba ta son sa rai. Na tausaya mata, wallahi. Amma tsoronta ba zai zama bebancin ɗana ba.

Na koma yi masa a banɗaki da bayan rumbu, kamar mai sata. Ɗana, ina satar yi masa magana! Ka ji abin da ka goya wa baya.

Astajam

Pitowa, ranar Talata

Hamma,

Da fatan ka koma lafiya. Ban yi maka rakiya ba, kuma ba mantuwa na yi ba.

Ka zo, ka zauna a zaure, ka sha kunun gyaɗa, an miƙo maka yaron ka ɗaga kai kana duban rufin ɗaki. Maza suka yaba maka, an ce ɗan Fulani na gaske. Ni kuwa ina bayan ƙofa, na ga ya buɗe ido da ya ji baƙuwar murya, yana neman inda take. Ba ka gani ba.

Ga abin da ya wuce ka. Shekaranjiya da hantsi Goggo ta karɓe shi za ta shafa masa man shanu. Ta sunkuyo kansa, ya zuba mata ido, ya yamutsa fuska, sai ya zaro ɗan harshensa. Hannunta ya tsaya cak. Ta ce, “Ni? Ni ka yi wa gwalo, mijin banza da bai kai ludayi ba? Da wace saniya za ka aure ni?” Ya ce “a'u”. Hamma, muryarsa ta farko da ba kuka ba! Goggo ta fashe da kuka, ta rungume shi, ta yi ta zaginsa har nononta ya tsinke a ƙwarya. Yanzu sai na yi da gaske take ba ni shi. Ba ta ba ni haƙuri ba, ban kuma nema ba.

Saura kai. Ita tsoro ne ya kama bakinta, kai kuwa yabon zaure kake so. Madam Odil ta ce mu koma awo ranar Litinin, uba ma ya zo. In za ka zo ka dubi rufin ɗaki, yi zamanka wurin shanu, su ai ka san sunan kowacce, har shafa su kake kana yi musu kirari.

Shi ma yana da suna. Hayatu. Na rubuta, hannuna bai karye ba. Ka gwada faɗa a hanya kafin ka iso.

Uwar Hayatu,
Astajam