Inna, Ba Haka Kika Ce wa Likita Ba

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifiya, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin rahamarSa. Na san takarda ba ta zuwa inda kike, amma akwai maganar da ta ci ni fiye da shekara arba'in. Yau zan faɗe ta, kowa ya ji.

Kin tuna lokacin da na dawo garinmu Tabotaki da takardar anfirmiye, malamin jinya, a ƙarshen shekarun saba'in? Farar riga, biro uku a aljihu, ina jin babu ciwon da ban sani ba. Na tarar kin rame, kin yi baƙi har tafin hannu da dasashi. In kika miƙe daga bakin murhu sai jiri ya ɗebe ki. Maƙwabta suka ce rana ce, wasu suka ce iska.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne gishiri. Kina ɗaure gutsuren gishirin Balma a bakin zane, kina tsotsa kamar alewa. Har a fura kike barbaɗawa.

Ni kuwa an koya mana a lakwal, makarantar boko, cewa gishiri na kawo tansiyo, hawan jini. Ban ko auna ki ba, Inna, ga abin awon a jakata. Na kwashe gishirin ɗakinki na kulle a akwati, na ja kunnen mai tebur kada ya sayar miki. A gaban ƙannena na kira abin kwaɗayi. Ɗan fari ne ni, sunana ma ba ki kira, balle ki yi gardama da ni.

Sati uku da haka kika faɗi a bakin rijiya. A amalanke muka kai ki Buza, daga can mota ta kai mu babban asibiti.

Likitan wani dattijon Bature ne, ba ya jin Hausa, sai na zama tafinta. Ya buɗe tafin hannunki, ya ɗaga leɓenki, ya auna ki. Jinin ƙasa ya yi, ba sama ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko kina son gishiri. Kika ce kina so, amma kin daina sha. Ya ce mini ciwo ne da ba kasafai ake ganinsa ba: wasu 'yan tsokoki biyu a kan ƙoda sun gaza, jiki na zubar da gishirinsa, shi ya sa yake ta nema. Ashe abin da na kira kwaɗayi shi ke riƙe da ranki. Sai ya ce in tambaye ki me ya sa kika daina.

Kika nuna ni da haɓa, murya da ƙyar: "Wanga na tsaye shi yah hana ni. Ya yi lakwal, ya san abin da ban sani ba." Ba ƙarata kika kai ba. Alfahari kike, karo na farko a gaban baƙo.

Na juya na ce masa da Faransanci, wai kin ce ke kika ga dama kika bari.

Ya girgiza kai, ya yi miki faɗa, ya ce saura ƙiris ki kashe kanki da ganganci. Na mayar miki cewa ya ce za ki samu sauƙi. Kika yi masa godiya, ni kuwa ina kallon ƙasa.

Ya ba ki wasu ƙananan ƙwayoyi na kullum, ya ce ki ci gishirinki. Kika tashi, kika koma daka, Allah Ya ƙara miki shekara shida. Duk wata ina hawa ɗan babur ɗina, mobilet, in karɓo maganin, mutanen gari suna ce mini ɗan albarka. Ina amsawa, Inna. Kunyar wannan amsawar ta fi ta ƙaryar kanta.

Shekara shida ina zama a ƙofar ɗakinki, ga Hausa a bakina, babu buƙatar tafinta, amma na kasa faɗa miki gaskiya.

Ranar da jiki ya yi tsanani kika kama hannuna kika ce kin yafe mini duniya da lahira. Na karɓa. Amma ba ki san abin da kike yafewa ba, shi ya sa har yau nake jin yafiyar nan sata na yi.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Ya sanar da ke abin da na ɓoye, ki ji shi duka. In bayan haka kika sake yafewa, sai in san tawa ce.

Ɗanki mai neman gafara,
Ilu