Ban Taɓa Zuwa Wasanka Ba, Alhaji

Zuwa ga Alhaji mai kukuma na birnin Kano, wanda aka liƙa hotonsa a tashar motar Nguru da ta Gashua.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da makaɗanka da 'yan amshinka, ina roƙon ka daure ka karanta wannan takarda har ƙarshenta. Da gangan na ƙi rubuta sunanka a sama. Ka san kanka, masu sauraronka ma sun san ka. Na biyo ta jarida ne domin sau biyu ina aika maka takarda ta gidan waya ba amsa, ga shi lokaci ya ƙure. Sanarwar da aka liƙa ta ce za ka yi wasa a Gashua kwana uku bayan ƙaramar Sallah, washegari kuma a filin ƙwallo na nan Nguru, bayan la'asar.

Ni ce Kaltume. In sunan bai tuna maka komai ba, ka sa kaset ɗinka na baya-bayan nan, gefe na biyu, wajen ƙarshen waƙar farko, inda kake jero mutanen da kake gode wa. Ina nan a ciki. Haifaffiyar Gashua ce ni, aure ya kawo ni Nguru shekara biyu da suka wuce. Maigidana mai awon kaya ne a tashar jirgin ƙasa, shi ke ɗora fatu da busasshen kifi a sikeli kafin a loda su zuwa garinku.

Na ɗaya, yadda sunana ya zo hannunka.

Ni mace ce mai son karatun littattafan soyayya, waɗanda ake bugawa a Kano. In jirgi ya iso, Malam, wato maigidan nawa, yakan karɓo mini ɗaya ko biyu wajen masu kawo su. In na gama aikin gida, sai in shimfiɗa tabarma a inuwar darbejiya, littafi a hannu, rediyo a gefe. A nan na san Kano, ba da ƙafa ba. A nan kuma na fara jin kukumarka. Akwai wata waƙarka da kake yi wa matar da ta yi nisa da gidan iyayenta. Ranar da na fara jin ta, tuwo ya kama a tukunya ban sani ba.

Da damina ta bara na ce wa Malam ina son in rubuta maka godiya. Ya yi dariya ya ce, "Ke da mawaƙinki, rubuta mana, wa ya hana ki?" Shi da kansa ya liƙa kan sarki, ya jefa ta a akwatin gidan waya a hanyarsa ta zuwa aiki. Bai buɗe ba. A ƙasan takardar na sa sunana da garinmu da aikin mijina, domin haka muke yi in za mu aika gaisuwa gidan rediyo, don kada a ruɗe da wata Kaltumen. Ban roƙi komai a ciki ba. Ban ce ka waƙe ni ba.

Na biyu, abin da ka yi da shi.

Ka ce, "Kaltume ta Nguru, matar mai awo, na gode da zuwa wasa." 'Yan amshi suka maimaita har sau biyu, mai kalangu ya ƙara da nasa.

Alhaji, wane wasa na zo? Iyakar tafiyata a duniya daga Gashua zuwa Nguru ce, sai sau ɗaya da muka je biki Dapchi. Jirgin da ke zuwa Kano kullum ina jin kukansa daga ɗakina, amma ban taɓa taka matakalarsa ba.

Da farko ban ma gane nauyin maganar ba. Maƙwabciyata ce ta fahimtar da ni, Mama Saratu, Kirista ce 'yar ƙasar Jos, mijinta direban jirgi ne, sun zauna Kano shekaru kafin a dawo da su nan. Ta saurari wurin, ta sa na mayar da kaset baya, ta sake saurare. Sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kaltume, kin san su waye waɗannan biyun, ta gabanki da ta bayanki a jerin sunayen?" Na ce a'a. Ta ce mata ne masu zaman kansu, sanannu a otal-otal ɗin da ake wasa. Ta ba ni labarin yadda abin yake: yau mai goge a wannan gida, gobe mai garaya a wancan, wani wurin kuma masu gita da ƙaho irin na mutanen kudu. Mace ta taso ta yi rawa, ta yi wa mawaƙi liƙi a goshi, shi kuma ya saka mata da ambaton suna. Duk sunan macen da aka ji a wannan jeri, kowa ya san ta inda ya shigo.

Ba na zagin waɗannan mata, ban san abin da ya fitar da su daga gidajensu ba. Su dai sun zo wasanka, sun so a ambace su, ka ambace su. Ni kuwa sai ka ɗauke ni daga kan tabarmata ka zaunar a tsakaninsu.

Na yi ta tunani, na kuma yarda ba da mugunta ka yi ba. Ina jin takardar ta yi maka daɗi, ka so ka rama alheri, kuma hanyar da mawaƙi ya sani ta rama alheri ke nan. "Na gode da zuwa wasa" ta riga ta zauna maka a baki, kowa haka kake ce masa. A Kano kana iya kiran suna talatin a zama ɗaya, kafin a watse an manta da rabinsu. Amma Nguru ba Kano ba ce. Mai awo a tasharmu mutum ɗaya ne, matarsa ɗaya ce, ƙofar gidansa kuma kowa ya san ta.

Na uku, abin da ya biyo baya.

Kaset ɗin ya iso nan kafin azumi. Mai sayar da kaset na bakin kasuwa ya sa shi a lasifika tun daga hantsi har azahar. Kafin mako ya zagayo, masu dako a tasha sun haddace. In Malam ya sunkuya zai duba sikeli, sai wani daga bayan buhuna ya rera, "matar mai awo," sauran su amsa. Wani abokinsa ya dafa shi ya ce, "Ashe kai ne ke yanka mata tikiti? To, a rage mana mu ma." Wasa ne a wurinsu. Malam ya daina zama a majalisarsu ta ƙofar gida. Yana tashi daga aiki sai ɗaki.

Bai taɓa ɗaga mini murya a kan maganar ba. Ya san ban je ko'ina ba, shi ke kulle ƙofar gidan nan, shi ke buɗe ta. Abin da ya ce kawai shi ne, "Da na karanta ta kafin in jefa." Wannan ta fi mini zafi a kan faɗa.

A gidan suna kuwa, in na shiga sai hira ta canza. Wata tsohuwa ta tambaye ni, fuskarta a sake, wai da gaske ne fitilun gidajen wasan Kano ja da kore ne? Na ce ban sani ba, Inna. Ta ce, "To, ai shi ke nan."

Babban abin shi ne na yayan mijina. Shi ya riƙe Malam tun rasuwar mahaifinsu, maganarsa ba a tsallake ta a gidan nan. Ya zo ya zauna a zaure, ya sa aka kira ni, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ya ce shi bai ce na yi ba, bai kuma ce ban yi ba. Kaset abin cikin akwati ne, zai tsufa, zai tsinke. Amma in har mawaƙin ya tsaya da ƙafarsa a filin Nguru, a gaban jama'ar gari, ya kira matar ƙaninsa ya ce ta zo wasansa, to ya zama shaida. Ranar sai in tafi gidanmu in zauna har ƙura ta lafa. Na ga matan da aka ce wa su je har ƙura ta lafa, Alhaji. Ƙalilan ne na ga sun dawo.

Gidan namu kuma a Gashua yake, inda za ka fara yin wasa. Mahaifina tela ne a kasuwa, ba ya jin waƙa, har yau bai san komai ba. Lasifikarka za ta riga ni isa wurinsa.

Na huɗu, nawa laifin, domin ba zan ɗora maka duka ba.

Ban iya rubuta wasiƙa ba sai irin ta littattafai. Da ita na koya. Saboda haka na buɗe taka da kalmomin da 'yan matan cikin labari ke buɗe tasu, na kira ka hasken da ke raba dare da rana, na ce muryarka ta hana ni sukuni. A raina, haka ake yabon wanda aka girmama a rubuce. Yanzu in na tuna sai in rufe fuska ni kaɗai a ɗaki. Watakila da ka karanta ka ɗauka wata irin mace ce. Ba ka ga tabarmar ba, ba ka ga tukunyar ba.

Akwai kuma wanda ban faɗa wa kowa ba sai yau. Ranar da na fara jin sunana a bakinka, kafin Mama Saratu ta shigo, daɗi na ji. Na mayar da kaset baya sau uku. Na ga kaina kamar waɗanda nake karantawa, waɗanda ake sanin sunansu a garin da ba nasu ba. Wannan daɗin na yini ɗaya ne, kuma nawa ne, ba zan yi ƙarya in ce ban ji shi ba. Na lura dai a littafi in sunan yarinya ya ɓaci, marubucin yana nan, zai wanke ta kafin shafin ƙarshe. Ni kuwa wanda ya sa ni a labarin kai ne, ka kuma wuce ka kama wata waƙar.

Na biyar, roƙona.

Da farko na yi niyyar in ce ka cire sunan kawai. Da na sake tunani sai na ga bai isa ba. Mutanen nan sun haddace waƙar. In ka zo wurin ka tsallake, su za su cike maka da bakinsu, har su ce kunya ce ta hana ka faɗa a garin mijinta.

Don haka ina roƙon abu uku. Na farko, kafin ka ja kukuma a Gashua, da kuma a Nguru, ka faɗa da magana, ba da waƙa ba, cewa ba ka taɓa ganin Kaltume ba, ba ta taɓa zuwa wasanka ba, takardar godiya ce ta aiko ta gidan waya da sanin mijinta. In takardar tana nan ba ka yar ba, na yarda ka ɗaga ta a gani, ko ma ka karanta. Za a yi mini dariya, na sani, har jikokina sai sun ji labari. Na zaɓi a ce wawuya ce a kan abin da ake cewa yanzu. Na biyu, in za a sake buga kaset ɗin, a fitar da ni. Na uku, duk macen da ta rubuto maka daga wani ƙaramin gari, ka tambaye ta kafin ka saka mata da irin wannan alheri.

Ba na neman a hana wasan. Garin nan ba kullum ake kawo mana irinku ba, matasa tun yanzu suna ta ɗinki saboda ranar, ni ma ban daina son waccan waƙar ba. Yayan mijina, wanda bai taɓa zuwa wurin kiɗa ba, ya ce zai je ya tsaya a bakin filin ya ji da kunnensa. Ni ina gida. Unguwarmu ba ta da nisa da filin, in ana ƙwallo har ihun 'yan kallo muna ji. Zan zauna a tsakar gida in saurara. In ka faɗa, washegari in tashi in ɗora koko kamar kullum. In ba ka faɗa ba, motar Gashua da hantsi take tashi.

Allah ya kawo ku lafiya, ya tsare ku a hanya, ya mayar da ku gida lafiya. Allah ya ƙara wa muryarka albarka. In kana da 'ya'ya mata, Allah ya tsare musu sunansu a bakin mutane.

Wassalam.

Kaltume,
Nguru, Jihar Borno.