Murafu Huɗu na Taraktar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya mana yaran. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda, sai dai bakin nan nata da ka sani bai taɓa ciwo ba balle ya warke. Babbar Yaya ta zo ta kwana biyu ta koma. Auta kuma ya gama jarrabawa, yana nan yana cinye mana abinci.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ka barin mutum ya kai ƙarshen magana. Saƙonka ya iso cewa mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo ranar Asabar ya ɗauki taraktar Baba. Ya zo kuwa, da motarsa da sarƙoƙinsa. Na ba shi ruwa ya sha, na raka shi bakin ƙofa. Ya ce ai da babban gida ya yi magana, na ce masa babban gida yana nesa, ni ce a kusa, kuma tarakta ba ta zuwa ko'ina. Na san ranka zai ɓaci. Nawa ma ya ɓaci, Yaya, don ka yanke hukunci a kan abin da rabonka da ganinsa shekara shida, ba ka tambayi ko ɗayanmu ba.

Hujjarka ita ce Mai Gemu, makanikin da ka turo, ya ce karanshaf ya mutu, wato ƙaton ƙarfen nan da ke juyawa a cikin injin. To ka san yadda ya gano haka? Ina tsaye ya kafa sukundireba a jikin injin, ya kara kunne, ya ji bugu, ya girgiza kai kamar mai ta'aziyya. Ko ƙusa ɗaya bai kwance ba. Ni kuwa shekara goma sha ɗaya na yi a rumfar nan tare da Baba lokacin da kake makaranta, kuma ban taɓa ganin ya yanke wa ƙarfe hukunci bai auna shi ba. Don haka ranar Lahadi na ɗaura ɗankwali, ni da maigidana muka sauke injin a kan tsohon bencin Baba. Na tsiyaye baƙin mai, na cire kaskon ƙasa. A gindin kaskon na ga ɗan gari mai ƙyalli kamar an kankare tagulla. Ba zan ɓoye maka ba, na ce shi ke nan Yaya ya yi gaskiya.

Ka tuna murafu huɗun nan masu riƙe karanshaf? A cikin kowanne akwai metal, ɗan ɓawon ƙarfe mai laushi kamar rabin awarwaro, wanda shi ake so ya cinye maimakon karanshaf ɗin. Na ɗaya da na huɗu na same su sumul. Na biyu da na uku kuwa sun cinye ta gefe guda har jan ƙarfen ciki ya fito, ɗaya gefen ko ƙwarzane babu. Tsufa ba ya cin metal haka, ko'ina yake ci daidai. Na wanke murafun da kananzir, na kai su hasken ƙofa, sai ga ɗigon da Baba ya buga musu da ƙusa da guduma. Ɗigo ɗaya na Babbar Yaya, biyu naka, uku nawa, huɗu na Auta. Haka yake kiransu da sunayenmu, yana jera su a kan katako, yana cewa kowa da mazauninsa, don kowane murfi da gurbinsa aka huda shi tun daga masana'anta. Yaya, mai ɗigo biyu na samu a gurbi na uku, mai uku a gurbi na biyu. Gyaran da ka sa Mai Gemu ya yi shekaru biyu da suka wuce, lokacin ina jego, a kwano ɗaya ya zuba su ya wanke, ya mayar yadda hannunsa ya kai. An sa ka a wurina, an sa ni a naka, injin yana ta cin kansa tun daga ranar.

Ban tsaya nan ba, don na san za ka ce son zuciya ne. Na bi wuyan karanshaf da farce, duk wuraren da yake kwanciya a kan metal, farcena bai maƙale ba sai a ɗan layi ɗaya, shi ma na goge shi da takardar yashi mai laushi da mai. Na ɗauko ma'aunin Baba daga akwatinsa na katako, na auna kowane wuya ta tsaye da ta kwance, gaba da baya, sau biyu-biyu. Zagayensa bai lalace ba. Na sayo sabon metal, na shimfiɗa siririn zaren roban nan na awo a kan kowane wuya, na ɗora murafu kowa a gurbinsa, na ɗaure daidai yadda littafi ya ce, ban juya komai ba, na sake kwancewa. Faɗin da zaren ya baje shi ke nuna ratar da mai zai bi. Duk huɗun suna cikin ƙa'ida. Da na shafa mai na ɗaure na ƙarshe, da hannu ɗaya na juya karanshaf ɗin. Inna tana zaune a kan tsohuwar taya tana kallo, sai ta share ido da gefen mayafi ta ce ƙura ce. Ni kam kuka na yi sosai, ban ji kunya ba.

Mai Gemu ya leƙo jiya, na nuna masa ɗigon. Ya ce shi da ya ɗauka tsatsa ce. Na ce masa tsatsar da ta iya ƙirga ɗaya zuwa huɗu ai ta fi wasu. Maigidana ya ce in bar shi haka, na bari.

Saura ring da gasket, ƙananan kayan da ke hana injin yoyo, in Allah ya so kafin ruwa ya sauka tarakta za ta shiga gonar Baba. Babbar Yaya ta ce kada a sayar, Auta ma haka, ni ka ji nawa. Idan ka sake turo mai ƙarafa zan sake ba shi ruwa in raka shi. Girmanka yana nan, ban taɓa shi ba. Murfinka ma na wanke shi da hannuna, na mayar da shi gurbinsa na biyu, ya zauna daram. Amma ɗaya ne cikin huɗu, Yaya, kuma Baba bai taɓa ɗaure injin da murfi ɗaya ba.

Ka gaishe min da matarka da kyau, da takwarar Inna, da ƙaramin da ban taɓa gani ba. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka zo ka ji ƙarar da kunnenka. Maigidana da Auta suna gaisuwa. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Mai ɗigo uku